Yadi tara na mene ne? Tambayoyi da amsoshi kan asalin "the whole nine yards"

Masu kallon finafinan Amurka da masu karanta jaridunsu ba za su rasa cin karo da furucin nan "the whole nine yards" ba. Ma'anarsa ba ta da wuya. Asalinsa ne ya gagari masana Ingilishi shekara da shekaru, har ya zama kowa da irin labarin da yake bayarwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa, da abin da tsofaffin takardu suka nuna.

Me furucin yake nufi, kuma a ina ake sa shi?

Kalma da kalma, "yadi taran nan gaba ɗaya" ke nan. Abin da Ba'amurke yake nufi da shi kuwa shi ne komai da komai, ba a rage ko ɗaya ba. Wuri uku aka fi jin sa. Na farko a ƙarshen lissafi: an yi biki, an kawo makaɗa, an yi girki, an ɗauko masu hoto, sai mai magana ya rufe da furucin maimakon ya ci gaba da jerowa. Na biyu tare da aikatau na tafiya, a ce mutum ya tafi yadi taran duka, wato ya yi aikin har ƙarshensa, bai yi rabi da rabi ba. Na uku tare da bayarwa ko faɗa, a ce an ba wani yadi taran, wato an fede masa biri har wutsiya. Wannan na ukun yana cikin mafi tsufa a rubuce, kuma a riƙe shi da kyau, domin zai yi amfani a gaba.

A awo, yadi ɗaya ƙafa 3 ne, inci 36, mita 0.9144. Yadi tara ya kama ƙafa 27, mita 8 da 'yan kai. Duk wanda ya zo da labarin asali, wannan ƙafa 27 yake nema wa gida.

Me ya sa aka daɗe ana jayayya a kansa?

Saboda lambar. Da zarar mutum ya ji "tara" sai ransa ya ba shi cewa dole akwai wani abu da aka auna aka samu yadi tara cif. Ga shi kuma furucin bai yi fice ba sai cikin shekarun 1960, lokacin da mutanen da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu suna da ransu, masu aikin gini da teloli ma suna nan, kowa yana ganin daga sana'arsa maganar ta fito.

William Safire, wanda ya riƙe filin harshe a mujallar jaridar New York Times tun daga 1979, ya nemi jama'a su taimaka masa da asalin furucin a wani shirin rediyo na Larry King a 1982. Wasiƙu suka yi ta zuwa, kowacce da tabbacinta, babu mai hujja. Ya sha komawa kan batun har ya rasu a 2009. A wancan zamanin babban ƙamus na Oxford bai da misalin da ya wuce na 1970, ka ga fili a buɗe yake ga duk mai son shaci-faɗi.

An ce tsawon jigidar harsashi ne ta jiragen yaƙi. Ba haka ba ne?

Wannan shi ne labarin da ya fi kowanne farin jini. Yadda ake ba da shi: wai jigidar harsashin bindigogin jiragen Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu ƙafa 27 ce, idan matuƙi ya juye wa abokin gaba ita duka sai a ce ya ba shi yadi taran. Labarin yana da daɗin ji, ya kuma dace da ma'anar. Amma abubuwa uku sun kayar da shi.

Na farko, sojoji ba da tsawo suke lissafin harsashi ba, da ƙwaya suke yi. Jigidar jirgi ƙananan maɗaurai ne na ƙarfe da ake sarƙa su da harsasan kansu, ana ƙarawa ana ragewa daidai girman akwatin da ke cikin fiffike. Jirgin P-51D Mustang bindiga shida gare shi: biyun da ke kusa da jikin jirgin kowacce tana ɗaukar ƙwaya 400, sauran huɗun kowacce 270, jimla 1,880. Jirgi ɗaya ke nan, jigida iri biyu. P-47 kuwa bindiga takwas yake ɗauka, da nasa lissafin daban. Babu wani tsayayyen tsawo da kowa ya sani.

Na biyu, an rubuta littattafai da wasiƙu da rahotanni na wannan yaƙi ba iyaka, matuƙa da yawa sun bar tarihin rayuwarsu, 'yan jarida sun tattara kalmomin barikin soja a lokacin. Masu bincike sun tona duk wannan ba su samu matuƙi ko ɗaya da ya yi amfani da furucin a kan harsashi ba.

Na uku shi ne ya gama magana: an samu furucin a jarida a 1907 da 1908. 'Yan'uwan nan Wright sun fara tashi da jirgi ne a Disamba 1903, kuma a 1907 babu jirgin saman yaƙi ko ɗaya a duniya, balle jigidarsa. Wasu da aka nuna musu wannan sai suka ja da baya, suka ce to ai bindigar Maxim ta ƙasa ta girmi 1907. Gaskiya ne ta girme ta, kuma jigidarta ta zane mai kauri ƙwaya 250 take ɗauka. Sai dai mai sauya bindiga duk lokacin da kwanan wata ya kama shi, ba hujja yake bi ba, labarinsa yake ceto.

To motar kwaɓa kankare fa?

A Amurka ana sayar da kankare da yadin kubik, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk yadi guda ne. Masu wannan ra'ayi sun ce mota ɗaya yadi tara take ci, wanda ya sayi lodi guda ya sayi yadi taran. Matsalar ita ce girman motocin ya yi ta sauyawa. Wata mujallar masu sana'ar ta 1964 ta nuna cewa 'yan shekaru kafin nan mota mai yadi huɗu da rabi ce aka saba da ita, kuma a 1962 matsakaicin girma bai wuce yadi shida da ɗan ɗori ba. Wato a daidai lokacin da furucin yake bazuwa, yawancin motocin ba su kai tara ba. Motocin da kansu ma ba su shiga titi sosai ba sai bayan 1920.

Ni na fi yarda da na yadin ɗinki. Ai da yadi ake auna tufafi.

A nan akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ta inda aka fi nema ba. Bari a fara da waɗanda ba su tsaya ba.

Kwat na namiji, riga da wando, yadi uku da rabi zuwa huɗu yake ci idan ƙyallen mai faɗin inci 60 ne. Tela da ya ce yadi tara zai yi maka kwat ɗaya, ka bincike shi. Siket ɗin gargajiya na mazan Sikotilan, wanda ake kira kilt, yadi takwas aka fi sani da shi a ɗinkin zamani, kuma furucin ba daga Birtaniya ya fito ba, daga baya ya ƙetara can. Sari mai yadi tara akwai shi da gaske, matan Maharashtra a Indiya suna ɗaura shi, amma babu wata igiya da ta haɗa shi da ƙauyukan Amurka na farkon ƙarni na 20. Haka labarin likkafani da na mayafin amarya: babu ƙa'idar yadi tara a ko ɗaya, kowa gwargwadon jikinsa da aljihunsa.

Abin da ya cancanci a dube shi shi ne wani labarin ban dariya da jaridun Amurka suka buga a 1855, ciki har da New Albany Daily Ledger ta jihar Indiyana. Labarin wani alƙali ne da aka yi wa wasa: an sa mai ɗinki ta sayo yadin da zai isa riga uku, sai ta zuba yadi taran gaba ɗaya a riga guda, ta fito zabgegiya. Kalmomin furucin suna nan a jere kamar yadda muka san su. Sai dai a cikin labarin yadi na gaske ake nufi, ba salon magana ba. Abin da ya sa masana ba su yar da shi ba shi ne wurin: New Albany tana kudancin Indiyana, bakin kogin Ohayo, tsallaken Louisville ta jihar Kentaki, kuma daga wannan yankin ne tsofaffin misalan furucin suka fito bayan shekara hamsin. Yana iya yiwuwa labarin ya zauna a bakin mutane har ya rikiɗe. Amma tsakanin 1855 da 1907 ba a samu rubutun da ya ɗinke su ba, saboda haka hasashe ne mai ƙarfi, ba hukunci ba.

Jirgin ruwa, ƙwallon Amurka, da Biyetnam?

Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. A jirgin ruwa na iska, sandar da ake gicciyawa a jikin turke a rataya ƙyallen iska sunanta ɗaya da yadi a Ingilishi. Wai turke uku, kowanne sanda uku, tara ke nan. Amma manyan jirage na ƙarni na 19 suna ɗaukar sanda huɗu, biyar, har shida a turke ɗaya, kuma ma'aikatan jirgi sun bar ƙamus-ƙamus na kalmominsu ba tare da wannan furuci ba.

A ƙwallon Amurka yadi goma ake nema kafin a sake ba ƙungiya dama. Wanda ya ci tara ya gaza ne. Yaya za a yi gazawa ta zama kirarin cikawa?

Na Biyetnam kuwa, sojojin Amurka suna taƙaita sunan ƙabilun tsaunuka, Montagnard, su kira su da guntun da ya yi kama da kalmar yadi, kuma wani littafi na 1970 ya yi nazarin ƙabilu tara daga cikinsu. An daɗe ana ɗaukar wannan da muhimmanci, domin furucin ya fito a bakin matuƙan jirgin sama a littafin 'yar jarida Elaine Shepard na 1967 kan wannan yaƙi. Tsofaffin misalan da za a gani a gaba sun isa su rufe babin.

To wane rubutu ne mafi tsufa da aka samu?

An yi ta ja da baya ne mataki-mataki, kuma kusan duk cikin shekaru kaɗan bayan an fara zuba tsofaffin jaridu a intanet.

A 2007 aka gano wani rahoto na Afrilu 1964 a wata jaridar San Antonio ta jihar Texas, kan kalmomin da ma'aikatan hukumar sararin samaniya NASA suke amfani da su. A can an fassara furucin da cikakken rahoto, abu bayan abu. Sai aka samu biyu na 1962: ɗaya a wani gajeren labari da aka buga a mujallar adabi ta jihar Michigan, ɗaya a wasiƙar wani mai karatu ga mujallar motoci Car Life, yana magana kan kayan ƙawa na motar Chevrolet Impala.

Daga nan sai Bonnie Taylor-Blake, wadda ainihin aikinta binciken ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar North Carolina, tonon kalmomi kuwa sha'awa ce, ta samo shi a mujallar hukumar kifi da namun daji ta Kentaki, a fitowar Yuli 1956 da ta Janairu 1957. Na farkon ya zo a ƙarshen jerin kyaututtukan gasar kamun kifi, na biyun a kan maharban da ba sa yin abu rabi-rabi.

A 2012 ita da Fred Shapiro na ɗakin karatun sashen shari'a na Jami'ar Yale suka fito da abin da ya juya binciken gaba ɗaya: furucin da lamba shida maimakon tara, a 1921 da 1912. Bayan haka aka kai ga wata 'yar jaridar gari, Mitchell Commercial, ta Mitchell a kudancin Indiyana. A fitowar 2 ga Mayu 1907 ta ba da sanarwar wasan besbol tsakanin 'yan wasan garin da 'yan kasuwa, tana cewa za a buga iya abin da 'yan kasuwar za su iya jurewa, amma "we can not promise the full nine yards", wato ba a yi alkawarin za a kai ƙarshe ba. A lura, besbol zagaye tara ake yi, 'yan wasa tara ne a kowane ɓangare, saboda haka marubucin yana wasa da maganar da masu karatunsa suka riga suka sani ne. A fitowar 4 ga Yuni 1908 kuma jaridar ta tsokani wani ɗan garin da ya dawo daga kamun kifi da dogon labari: ta ce ita dai ba za ta tsaya ya sauke mata ba, amma wata rana zai kama wani da bai shirya ba ya ba shi "the whole nine yards". Wannan shi ne furucin cif, da ma'anar zuba labari har ƙarshe.

Yadi shida kuma daga ina?

Daga Kentaki da Karolaina ta Kudu. Jaridar Mount Vernon Signal ta Kentaki ta yi amfani da shi sau biyu a 1912. A watan Mayu, lokacin da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt da shugaba Taft, dukansu 'yan jam'iyyar Republican, suka ɓata, wani marubuci ɗan jam'iyyar Democrat ya ce a jira rigimar ta yi zafi, za su tona wa juna yadi shidan duka. A watan Yuni wakilin jaridar ya ba da haƙurin cewa ya yi 'yar tafiya bai tattara labarai ba, amma a fitowa ta gaba zai kawo yadi shidan. A 1921 kuma wata jaridar Spartanburg ta sa shi a kanun cikakken rahoton wasan besbol.

Muhimmancin wannan ya fi na kowane kwanan wata. Idan mutanen yanki ɗaya a zamani ɗaya suna cewa shida, suna cewa tara, ma'ana kuma ba ta sauya ba, to lambar ba awon komai ba ce. Tana nufin "mai yawa" kawai. Shapiro ya kwatanta shi da wani furucin Ingilishi na farin ciki, inda ake cewa mutum yana kan gajimare na tara, alhali a da na bakwai ake cewa. Lamba ce ta hau, babu wanda ya ƙirga gajimare.

A kuma dubi abin da ake aunawa a waɗannan misalai: labarin masunci, tonon asirin 'yan siyasa, labaran gari, rahoton wasa. Duk magana ce mai tsawo. A ganinmu nan ne bakin zaren: an ɗauki dogon zance kamar ƙyallen da ake warwarewa daga bandir, aka ce an warware shi duka. Yin aiki har ƙarshe da jerin kaya sun biyo baya.

Mai karatu Bahaushe zai tuna cewa turmin atamfa yadi shida ne. Dacewa ce kawai, babu abin da ya haɗa kasuwar Kantin Kwari da ƙauyukan Kentaki na 1912. Amma ta nuna yadda tarkon yake: duk lambar da aka ba ka, za ka samu wani abu a duniya da ya yi daidai da ita.

Na ga an ce wani babban sojan ruwa ya faɗe shi a majalisa a 1942.

Ya faɗi kalmomin, bai faɗi furucin ba. Admiral Emory Land yana ba da bahasi ne gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka kan ƙera jiragen ruwa, kuma wuraren ƙera jirgi guda tara yake magana a kai. Kalmar da ake kiran irin wannan wuri da ita a Ingilishi ita ce dai kalmar yadi. Wannan kyakkyawan misali ne na abin da ya sa ba a yarda da guntun layin da injin bincike ya nuna sai an karanta shafin duka.

In dai tun 1907 yake, me ya sa bai bazu ba sai bayan shekara hamsin?

Haka maganar karkara take. Tana iya zama a bakin mutanen yanki guda tsawon zamani, ba ta shiga littafi, sai dai jefi-jefi a shafin labaran ƙauye na ƙaramar jarida. Abin da ke fitar da ita shi ne cakuɗuwar mutane, kuma babu abin da ya cakuɗa samarin Amurka kamar aikin soja daga 1940 zuwa zamanin Biyetnam. Misalan shekarun 1960 da yawa suna da alaƙa da sojan sama da NASA. Saboda haka tsofaffin sojojin da suka rantse cewa a bariki suka fara jin furucin ba ƙarya suke yi ba. Kuskurensu ɗaya: sun ɗauki inda suka fara ji a matsayin inda aka haife shi.

Ga wani abu mai jan hankali: Gus Grissom, ɗaya daga cikin 'yan sama jannati bakwai na farko na Amurka, haifaffen Mitchell ne, garin jaridar nan ta 1907, kuma sojan sama ne kafin ya shiga NASA. Da wuya mutum ya ji wannan bai ce "shi ke nan, shi ya kai shi" ba. Babu takardar da ta nuna haka. A ajiye shi a matsayin abin mamaki, kada a mayar da shi sabon labarin jigida.

Yaya masu wannan bincike suke aikinsu? Zan iya gwadawa?

Za ka iya, da waya ko kwamfuta. Rumbun Chronicling America na ɗakin karatun majalisar Amurka kyauta ne, haka Google Books da HathiTrust ga littattafai da mujallu. Newspapers.com da NewspaperArchive na kuɗi ne, amma sun fi yawan ƙananan jaridu, kuma a ƙananan jaridun ne ake samun irin wannan.

Ka fara da sanin misali mafi tsufa da aka riga aka sani, ka sa iyakar bincikenka ta tsaya kafin wannan shekarar, don kada sababbin sakamako su binne ka. Ka sa furucin cikin alamar zance domin injin ya nemo kalmomin a jere. Sannan ka sauya masa kama: lambar a haruffa da a alƙalami, da karan ɗori tsakanin kalmomi da babu, "full" ko "all" a madadin "whole", da wasu lambobin, shida, bakwai, goma. Da an tsaya kan tara kaɗai, da har yau ba a ga misalan 1912 ba. Duk abin da ya fito, ka buɗe hoton shafin na asali, ka karanta sakin layin daga sama, ka tambayi kanka ko yadi na gaske ake nufi. Kashi mafi yawa tallan masu sayar da yadi ne da rahoton wasanni. In ya tsallake wannan, ka duba kwanan watan da aka buga a saman shafin da idonka, ka rubuta sunan jarida, gari, rana, shafi da layin da yake, ka ajiye hoton.

Ina aka fi yin kuskure?

Wuri huɗu. Manhajar da ke karanta hoton shafi ta mayar da shi rubutu tana tuntuɓe a tsohon bugu: tawada ta dushe, harafi ya karye, "nine" ya koma "mine" ko wani abu marar ma'ana, kalmar da aka raba a ƙarshen layi ta zama biyu. Shi ya sa rashin samun abu a rumbu ba ya nufin babu shi.

Sai kwanan wata na ƙarya. Google Books yakan ba mujalla shekarar da aka fara buga ta, ko shekarar kundi na farko a cikin waɗanda aka ɗinke tare, sai ka ga furucin 1975 sanye da rigar 1930. Haka littafin da aka sake bugawa da sabuwar gabatarwa: shekarar tsohon bugu ce a rajista, furucin kuwa yana cikin sabon shafin.

Na uku, tunanin tsofaffi. Mutum ya rubuta tarihin yaƙinsa bayan shekara arba'in, ya sa wa abokinsa furucin a baki. Wannan shaida ce ta shekarar da aka rubuta littafin, ba ta shekarar yaƙin ba.

Na huɗu, ɗaukar misali mafi tsufa a matsayin ranar haihuwa. Marubucin 1907 bai tsaya yi wa kowa bayani ba, alamar cewa masu karatunsa sun san maganar. Furucin ya girmi jaridar, kuma ba abin mamaki ba ne gobe wani ya tono wanda ya fi shi tsufa.

Akwai wasu furucin Ingilishi da aka yi wa irin wannan ƙage?

Da yawa. "Rule of thumb", wato awon ƙiyasi na wanda ya saba da aiki, an ce wai daga dokar Ingila ya fito da ta yarda miji ya doki matarsa da sandar da ba ta wuce kaurin babban yatsa ba. Ba a taɓa yin wannan doka ba. Abin da ya faru shi ne a 1782 an yi ta raɗe-raɗin cewa alƙali Francis Buller ya faɗi haka, mai zanen barkwanci James Gillray ya zana shi yana ɗauke da sanduna, furucin kuwa yana rubuce tun ƙarni na 17 da ma'anarsa ta awo. "Raining cats and dogs", na ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, an ce wai karnuka da kyanwoyi ne ke zamowa daga rufin ciyawa. Wannan ya bazu ne ta wani saƙon imel da ya yi yawo a wajajen 1999. Kare ba ya kwana kan jinka.

Alamominsu iri ɗaya ne: labarin ya dace da furucin ta kowace fuska ba ko gyara, babu sunan takarda ko shekara, kuma labarin kansa bai bayyana ba sai bayan furucin ya daɗe a duniya.

An taɓa warware irin wannan rigima kuwa?

An taɓa. Kalmar "OK" ta sha jingine-jingine: wasu sun ce daga harshen Choctaw, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, wasu Girkanci, wasu sunan wani mai gasa biskit na soja. Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ya zauna da tsofaffin jaridu, da hannu, tun babu kwamfuta, ya buga sakamakonsa a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Ya nuna ta a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris 1839, a zamanin da 'yan jaridar Boston suke yayin taƙaita kalmomin da aka ɓata rubutunsu da gangan don raha, ya kuma nuna yadda yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka Martin Van Buren na 1840 ya yaɗa ta. Bambancin shi ne Read ya samu kalmar tare da 'yan'uwanta da yayin da ya haife su. A batun yadi tara an samu yanki, an samu zamani, an samu ma'anar farko, an kuma kawar da jigida da kankare. Takardar da za ta nuna yadda yadi ya koma zance ita ce ta rage.

Zan iya sa shi a rubutun makaranta ko na ofis?

Furucin hira ne, kuma na Amurkawa. Ya dace da zance, saƙon abokai, talla, ko rubutun jarida mai sauƙi. A takardar neman aiki, rahoton ofis ko amsar jarrabawa, gara a rubuta "everything" ko "completely". In za a yi amfani da shi, kada a taɓa siffarsa: "the" a gaba, lambar tara a haruffa, "yards" da jam'i. Ba a mayar da shi mita, kuma shidan nan na 1912 ya mutu, yau in ka faɗe shi za a ɗauka kuskure ka yi. A Birtaniya za a gane shi, amma su sun fi cewa "the whole lot" ko "the full monty", wanda shi ma asalinsa wata rigimar ce mai zaman kanta.